Yadda na so in kwashe mutanen Kano da karan gero

Ko me zan manta a duniya, ban da ekspozen, wato bayanin gaban jama'a, da na yi a kolej a Matameye, shekarar fari, lokacin sojoji na mulki. Yau aka ce na ci jarrabawar jami'a, kuma a kan hayaƙin birane na yi rubutuna, to murna ta sa bari in tona kaina!

Shekarar nan gero bai yi ba. Maza duk sun tafi ci-rani Kano, har da Babana. Gari ya yi tsit, sai mu da iyaye mata da labarin rediyo. Kewa ta dame ni. Sai mushenmu, wato malaminmu na jogarafi, ya ce wani kaftin zai ziyarci lakol, makarantarmu ke nan, ana son ɗalibi ya yi bayani. Na ce shi ke nan, dama ta zo: zan nuna cunkoson birni ne ke ɓata iska, kaftin ya ba da oda a maido mana mazanmu. (E, haka ƙwaƙwalwata take aiki a lokacin.)

Na tara kara tuli guda a tsakar lakol, na ce wannan Kano ce. Na yi 'yan ƙananan tuli nesa-nesa: ga Matameye, ga Kance, ga Icirnawa, ga Ɗan Barto. Na gyara wuyan riga, ina ji da kaina.

"Mon kapiten, kalli yadda Kano za ta turnuƙe!"

Na ƙyasta ashana. Jama'a! Kano ta kama bal-bal, wuta jawur, hayaƙi ɗan kaɗan. Ƙauyukan nawa kuwa suka ƙi ci, sai hayaƙi baƙi ƙirin, iska ta kwashe shi ta kai fuskar manyan baƙi. Na durƙusa ina hura Icirnawa, hawaye da majina sun haɗe. Wani ɗan ajinmu ya ɗaga murya: "Hura Kance ma, ta mutu!"

Kaftin ya gama tari, ya goge ido, ya ce, "Yaro, waye naka a Kano?"

"Babana."

"To bisa binciken nan naka, gara a bar shi can."

Har mushe sai da ya riƙe ciki don dariya. Baba bai dawo ba sai da damina, kuma labarin ya riga ni isa kunnensa a tasha.

Abin da na koya: in zuciya ce ta rubuta maka amsa, kada ka gayyaci soja kallon gwajin.