Rasuwar 'Yar Aike, Wadda Ta Tafi da Adireshi Ɗari Uku da Sha Ɗaya

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da hannaye biyu da suka rasa abin riƙewa, mai shafin jinya, wadda abokan rubutunta ke kira Anti Jinya, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ba ta adireshinsa na imel, rasuwar kwamfutarta ta hannu, 'Yar Aike. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a gaban shaidu goma sha tara, a ɗakin da marubutan shafukan intanet ke haɗuwa duk ƙarshen wata, saman shagon buga takardu. Ta rasu tana da shekara shida a hannun Anti, bayan doguwar rashin lafiya da mai ita ta ƙi yarda cewa rashin lafiya ce.

Marigayiyar ba sabuwa ta shigo gidan ba. Ƙanwar Anti ce ta kawo ta, da tsaga a kusurwar gilashinta, a lokacin da mahaifiyarsu ke kwance da shanyewar ɓarin jiki. Anti ce ke jinya, ba dare ba rana, sai ƙanwar ta ce ta riƙa kallon wani abu ko ta samu hankalinta ya huta. Maimakon kallo sai Anti ta kama rubutu. Da yatsa ɗaya take dannawa, ɗaya hannun yana riƙe da na tsohuwa. Tana rubuta yadda ake wa mara lafiya wanka a kan gado, da yadda ake ba shi ruwa kada ya shaƙe, da abin da mai jinya za ta yi in kuka ya zo mata a gaban wanda take jinya. Tsohuwa ta yi shekara uku ta tafi. Shafin ya zauna, 'Yar Aike ma ta zauna.

Wanda bai taɓa zuwa haɗuwar marubuta ba, ya sani cewa ɗakin kujerun roba ne da fanka mai gudu ɗaya, da mutane masu miƙa wa juna kati kamar za a yi wani abu da shi. Akwai mai rubutun girki, akwai mai rubutun ƙwallo, akwai Ɗan Fasaha wanda kowane wata yake zuwa da sabuwar manhajar rajistar masu karatu, yana rantsuwa wannan ce ta ƙarshe. A da littafi ake zagayawa da shi, duk baƙon da yake son a riƙa aiko masa da rubutun wani sai ya rubuta adireshinsa. Amma rubutun hannun mutane abin a yi shiru ne. Anti ta sha aika wasiƙa ga sifili a inda aka rubuta harafi, wasiƙar ta dawo mata. Ita ce ta tashi a taro ta ce littafi ya tsufa. Daga ranar 'Yar Aike ta karɓi aikin: a miƙa ta hannu zuwa hannu, kowa ya danna adireshinsa da kansa. Littafin kuwa, ranar da Anti ta yi sharar ɗaki, ta jefa shi a kwandon shara da hannunta, ba wanda ya sa ta.

Ba a yabon mamaci da abin da bai yi ba, don haka ba za a ce marigayiyar tana da sauri ba. In aka taɓa ta sai ta yi tunani tukuna. Amma tana da haƙuri da riƙon amana. Ta jure yatsun mutum ɗari uku da sha ɗaya, masu gumi da masu maiƙo, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta faɗi daga kan gado sau biyu, ta faɗi daga matattakalar shagon buga takardu sau ɗaya, ta tashi ta ci gaba da aiki. Kowace Litinin da safe, in Anti ta gama wasiƙar mako ta danna, sai marigayiyar ta ce "fuuu", wasiƙa ta watsu gida ɗari uku da sha ɗaya. In amsa ta shigo sai ta ce "ɗin", a hankali, kamar mai gudun tada mara lafiya daga barci. In yunwar caji ta kama ta sai ta ce "tit, tit", sau biyu kawai, ba ta naci. Duk maganarta a duniya ke nan.

Riƙon amanar nata ne ma ya yi yawa. Jerin masu rajista a cikinta kaɗai yake. Kalmar sirrin akwatin imel ɗin shafin ma ita kaɗai ta sani, domin Anti ta rubuta ta sau ɗaya shekara shida da suka wuce, marigayiyar ta tambaya ko ta riƙe, Anti ta ce ta riƙe. Ta riƙe kuwa. Har ta koma ba ta faɗa wa kowa ba.

Ciwon ya fara ne daga bakin caja. Sai an karkata wayar cajar an tokare ta da kwalbar magani kafin ta karɓi wuta. Daga baya bayanta ya fara ɗagawa, sai Anti ta ɗaure ta da roba biyu, ta ce ai tsufa ne. Ɗan Fasaha ya ɗauke ta a wani taro, ya juya ta, ya ce, "Anti, batirin nan ya kumbura fa. Ki kwashe abin da ke ciki tun da sauran numfashi." Anti ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu." An yi wata bakwai ana wannan goben. Abin da ya fi ci mata rai yanzu shi ne, a cikin watannin nan ta rubuta dogon bayani a kan yadda mai jinya za ta gane alamun da ba a wasa da su.

Ranar Asabar ɗin, layi ya zo kan Anti ta yi wa taro jawabi. Shugabar haɗuwar ce ta zaɓa mata batu, kuma ba da mugunta ba: muhimmancin ajiye kwafin jerin masu rajista a wuri biyu. Anti ta shirya shi tsaf, sharuɗɗa bakwai, a cikin marigayiyar. Ta tsaya gaban mutane tana karantawa, ana gyaɗa kai, mai rubutun girki har tana rubutawa. Ta kai sharaɗi na huɗu, wanda ya ce kada a bar aikin sai gobe. A nan 'Yar Aike ta ce "tit", sau ɗaya tak, fuskarta ta yi baƙi. Mai rubutun ƙwallo ya yi dariya, ya zaci cikin jawabin ne. Da ya dubi fuskar Anti sai ya haɗiye sauran.

An yi abin da za a iya. An gwada caja biyar, an danne maɓalli an ƙirga har talatin, an hura mata iska. Washegari Anti ta kai ta wurin mai gyara, ta zauna a kan benci tana kallonsa yana kwance sukurori yana jerawa a murfin gwangwani. Ya ɗaga bayan, ya shinshina, ya mayar ya rufe. Ya ce, "Anti, sai haƙuri. Fanel, wato allon da ke cikinta, ya ƙone." Ta ce ba ita take so ba, abin da ke ciki take so. Ya ce abin da ke ciki a kan fanel ɗin yake. Ta koma gida ta ari wayar maigidanta, ta gwada kalmar sirri iri-iri: sunan tsohuwa, ranar aurenta, sunan maganin da tsohuwa ke sha. Akwatin ya ce zai aika mata lambar taimako zuwa wani tsohon layi da ta yar tun kafin rasuwar mahaifiyarta. Maigidan ya kawo mata ruwa ya ajiye, wanda shi ne iyakar taimakon da ya rage.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai karkataccen wuya, da kwalbar magani da ta yi mata hidima har ƙarshe, da roba biyu, da riga mai yagaggen gefe. Ta bar shafi wanda har yanzu yana nan a buɗe, ga mai iya zuwa. Ta bar marayu ɗari uku da sha ɗaya waɗanda jiya Litinin suka wayi gari ba wasiƙa, karo na farko cikin shekaru, kuma ba su san dalili ba. Da yawansu za su yi zaton Anti ta gaji. Wasu ba za su ma lura ba, Anti ta san wannan, kuma ta yafe musu.

Mutum ɗaya ce ta hana ta sukuni. Wata baiwar Allah ce da ta zo haɗuwa sau ɗaya, bara, ba marubuciya ba ce, ba ta da kati. Ta zauna a kujerar bakin ƙofa da jaka a cinya, tana duba agogo. Da 'Yar Aike ta iso hannunta ta daɗe tana dannawa da yatsa ɗaya, ta miƙa wa na kusa, ta fita kafin a tashi. Tun daga makon ba Litinin da za ta wuce ba ta amsa ba. Layi ɗaya ko biyu: yau ya ci abinci, yau bai gane ni ba, yau ya yi dariya. Mijinta ne a kwance. Ba ta taɓa sa sunanta ba, "mai jinya" kawai take rubutawa a ƙasa. Ta taɓa cewa ƙaramar wayarta ba ta buɗe shafin, wasiƙar kaɗai take samu, kuma takan karanta ta sau uku.

Da safiyar Asabar ɗin, Anti na ɗaura ɗankwali za ta fita, marigayiyar ta ce "ɗin". Saƙon matar ne, ya fi na kullum tsawo. An daɗe da kwantar da mijin a asibiti, yanzu likita ya ce ranar Alhamis za a sallame su, a ci gaba a gida. A asibiti ma'aikata biyu ke juya shi. A gida ita kaɗai ce, kuma ya fi ta jiki. Ta ce, "Anti, yaya zan juya shi ni kaɗai ban karya shi ba, ban karya bayana ba? Ba ni da wanda zan tambaya sai ke." Anti ta karanta a tsaye. Ta san amsar kamar yadda ta san tafin hannunta, shekara uku ta yi tana yi. Amma ba ta so ta amsa a gurguje, sai ta ce bari in dawo daga taro in zauna in rubuta mata da kyau.

Abin da Anti ta iya tunawa na adireshin shi ne ya fara da harafin "m", kuma akwai bakwai a ciki, ko ɗaya. Ta tambayi duk wanda ya zo haɗuwar bara, ba wanda ya san matar. Mai shagon buga takardu ya ce yana ganin mutane da yawa. Anti ta rubuta amsar ta sa a saman shafin da manyan haruffa, a wurin da ta san matar ba za ta iya zuwa ba. Yau Talata.

Za a yi jana'izar marigayiyar gobe Laraba da ƙarfe huɗu na yamma, a ɗakin da ta cika. Ba a jira ƙarshen wata ba, saboda Alhamis. Za a ajiye ta a kan teburi cikin rigarta, da robobinta biyu, daga nan mai gyara ya tafi da ita, ya ce gilashin zai yi wa wata amfani. Ba a buƙatar jawabi, Ɗan Fasaha ma an roƙe shi ya bar sabuwar manhajarsa a gida. Za a zagaya da littafi da biro. Ana roƙon masu makoki su rubuta adireshinsu da manyan haruffa, kuma Anti ta yi alkawarin ba za ta ƙara kushe rubutun hannun kowa ba.

Wanda ba zai samu zuwa ba, ta'aziyya ɗaya ake nema a wurinsa. In ya san wata mata da za a sallami mijinta daga asibiti ranar Alhamis, ko maƙwabciya ce, ko a layin karɓar magani ya gan ta, ya faɗa mata Anti Jinya ta ga saƙonta, ba share ta ta yi ba. Ya ce ta ninka zanen gado biyu ta shimfiɗa a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya. Ta tsaya a gefen da take so ya juyo, ta ɗora masa hannuwansa a ƙirji, ta lanƙwasa gwiwarsa ta nesa da ita, sannan ta kamo zanen daga can ta jawo a hankali. Gwiwoyinta za ta lanƙwasa, ba bayanta ba. Ta sa matashi ɗaya a bayansa, ɗaya tsakanin gwiwoyinsa, ta sake juya shi bayan awa biyu. Kuma ta riƙa gaya masa abin da za ta yi kafin ta yi, ko da tana ganin ba ya ji.

Za a bar kujerar bakin ƙofa babu kowa, har a tashi.