Mai Rage Burukutun Kaka Liyatu

"Na ce ina kwana, amaryata. Ko kunnen ma ya bi haƙoran ne?"

"Lafiya lau. Wanda bai iya sayen mota mai ƙofa huɗu ba shi ne zai kira ni amarya?"

Hantsin wata Asabar ce a watan Oktoba na 2006, a garin McLeansville na Amurka. Shekari, saurayi ɗan shekara ashirin da bakwai, ya tarar da kakarsa Liyatu a kan kujerar roba a bakin gareji, ƙofar a rufe, ita kuma ta ba ta baya. Washegari mijinta zai cika shekara da rasuwa a Zonkwa. Matsalar takardu ta hana ta zuwa jana'izarsa, shi ya sa ta ƙudura sai ta dafa masa burukutu irin wanda ta shekara arba'in tana dafa masa, ta zuba a ƙasa da sunansa. Ɗanta, mahaifin Shekari, dattijon coci ne, bai san ana yi ba. Shekari ne ke yi mata sayayya a ɓoye, kuma sau uku aikin yana lalacewa.

"To, yau kuma me muka kashe?" in ji Shekari. "Na farko ko tsiro dawar ba ta yi ba."

"Ai abincin tsuntsaye ka kawo mini. Sati guda ina jiƙa gawa."

"Na biyu kuma kika ce ruwa."

"Ruwan gidanku na cikin gari warin asibiti yake. Sai da na koma ruwan rijiyar gidan nan."

"Na uku laifinki ne. Kunu kika dama, kika yi masa ƙaryar suna."

"Yis ɗin burodin da ka sayo fa? Na ɗanɗana na ji kamar ina shan fanke. Kakanka da tuni ya kore ka da sanda."

"Kakana ya tafi ya bar mini ke. Na gaje ki, ke da ciwon gwiwarki."

Ba ta rama ba. Abin da ya sa ya dube ta sosai ke nan, don Liyatu ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa.

"Na huɗu ya tashi," ta ce.

"A wannan sanyin? Ko hitar ɗumama garejin ban kawo ba tukuna."

"Na tuna da ƙoƙon da kakanka yake sha da shi. Yana ƙasan akwatina, ba a taɓa wanke shi da sabulu ba. Na ɗauraye cikinsa na juye a bokitin. Kafin in gama tuwon rana kumfa ta kai baki."

"To ai shi ke nan. Ragowar tsohuwar giya ce ta farka. Me ya hana ki shiga?"

"Je ka saurara."

Ya tura ƙofar. Tsamin dawa ya cika garejin, da wani ɗumi wanda bai dace da ginin da ba a kunna komai a cikinsa ba. Bokitin yana bayan injin yankan ciyawa, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Daga ƙaramin bututun da Shekari ya saka a murfin, iska tana fita. Sau uku a jere, sai shiru, sai wani dogon sauti mai kauri, sannan ta sake daga farko.

"Iska ce kawai ke fita," ya ce.

"Haka kakanka yake gyaran murya in yana son a kawo masa. Uku, sai ya ja tsaki."

"Wato tsohon ya shigo Amurka ba biza. Ni na yi layi tun asuba a Legas, shi ya biyo ƙoƙo."

"Shi ko a raye ba ya bin layi."

"Ki gaya masa ya makara. Mata ta zama tawa."

"Gaya masa da kanka, ga shi nan. Ɗaga murfin ka duba zanen da na yi."

Ya ɗaga. A jikin bokitin ta ciki akwai zane uku na gawayi, kowanne ƙasa da ɗan uwansa da kamar yatsa biyu.

"Kullum da safe sai na tarar ya ragu," ta ce daga bakin ƙofa. "Daidai ƙoƙo guda."

"Yoyo yake."

"Taɓa ƙasan."

Ya shafa simintin. A bushe yake ƙamas.

"To ke ce. Kina lallaɓowa kina sha, ki ɗora wa mamaci. Dubi idonki ma."

"Ni da likita ya hana ni ko shayi mai sukari? In ka ga na sha, to a aurenka ne, ka ga kuwa har abada ke nan."

"To Baba ne. Dattijon coci ya gano hanya."

"Ubanka ko warin ya ji sai ya yi azumin kwana uku."

Shekari ya yi dariya, amma gajeriya. Ƙoƙon yana kife a kan benci. Ya ɗauka ya juya shi, ya ga cikinsa da danshi, har wani ɗigo ya gangaro masa a yatsa.

"Kin taɓa shi yau?"

"Tun ranar Laraba ban taɓa shi ba."

"Bari in ɗanɗana abin da ake tsallako teku saboda shi."

Ya ɗebo kaɗan ya kurɓa. Ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya ɗan karkata kai gefe guda yana kallon rufin.

"Kin yi gaggawar sauke dahuwa ta biyu, 'Yar Dogo," ya ce. "Kullum sai kin yi gaggawa."

Bututun ya yi shiru.

Liyatu ta dafa ƙofa ta miƙe a hankali.

"Wa ya gaya maka wannan sunan?"

"Wane suna?"

"Abin da ka kira ni yanzu."

"Amaryata na ce."

"Ba haka ka ce ba. Ko ubanka bai san sunan nan ba. A ɗaki kaɗai ake kirana da shi."

Shekari ya ajiye ƙoƙon ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa.

"Kaka, ni ko sau nawa ake dafa abin nan ban sani ba."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalli bokitin. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata har tana share ido da bakin zane.

"Shekara arba'in yana faɗin haka, kuma ya shanye tas. Ya mutu ma bai daina ƙorafi ba." Ta jawo wata jarka daga ƙarƙashin benci. "Kun ci nasara, kai da shi. Na yi gaggawa. Cika wannan ka tafi da ita, na ba ka. Saura na gobe ne."

"Ni ba na so."

"Ka ce ka gaji matarsa. To ka kwana da shi yau, ku daidaita tsakaninku. Ni kwana uku ban yi barci ba."

Ya cika jarkar, ya fita da ita. Ya buɗe but ɗin mota, ya tsaya, ya mayar ya rufe. Sai ya zagaya ya ajiye ta a kujerar gaba, ya ɗaura mata bel.