Ranar da Aka Zo Gaisuwar Kakata Tana Tsintar Wake

Ba zan taɓa mantawa da watana na farko a aikin koyarwa ba, a wani ƙauye kusa da Tabla. Na taso daga Filinge da kakata, Inna, wadda ta ce budurwa ba ta zama a baƙon gari ita kaɗai. Burina ɗaya: iyayen yara su ɗauke ni malama mai hankali, su daina ce mini “yarinyar lekol,” wato ’yar makaranta.

Aka ba ni wani littafin yara, labarin yarinyar da kakarta ta rasu, in koyar da fahimtar karatu. Tsarin mai sauƙi ne: ki karanta da Faransanci, ki bayyana da Hausa, ki yi tambayoyi. To ni da littattafan soyayya na kasuwa na girma, ban iya karatu babu hawaye ba. Da na iso inda yarinyar ta tarar da tabarmar kakarta a naɗe, sai na dafe ƙirji na ce, “Wayyo kakata, kin tafi kin bar ni!” Na rufe fuska da mayafi na fice (a raina ina cewa yau na ratsa zukatan yara). Tambaya ko ɗaya ban yi ba.

Bayan la’asar sai ga mata sun yi layi zuwa gidanmu, kowace da ƙwaryar hatsi. Inna tana zaune tana tsintar wake.

“Madam, yara sunka hwaɗa muna,” in ji matar liman. “Allah shi jiƙan tsohuwa, shi sa ta huta.”

“Amin,” in ji Inna. “Wace tsohuwa?”

“Kakar Madam.”

Inna ta ajiye faifai, ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa.

“Ke, ja’ira! Yaushe na mutu ba ki sanar da ni ba?”

Na fara bayanin littafi. Mata suka yi ta dariya har wata ta zauna a turmi. Inna kuwa ta hana a mayar da hatsi, wai gara ta ci sadakarta da haƙoranta.

Yanzu ko akuya ce ta mutu a littafi, sai yara sun gaya mini ta wace ce kafin in bar hawaye ya zubo.