Ranar da Na Goge Yaya Hassana

Ba zan taɓa mantawa da hotona na bakin gadar Yamai ba, kuma ko na so mantawa matan Guci ba za su bar ni ba.

Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na aurar da ƴata ta fari sannan na zauna ajin yaƙi da jahilci a Dungas, na koyi baƙi da wasali, daga nan na riƙe salula kamar da ita aka haife ni. Wanda ya koyi abu da girma, ya fi kowa son a san ya iya. Wannan ciwon ne ya kama ni.

Ƙungiyarmu ta mata masu man gyaɗa aka gayyata formasiyo, wato taron horo, a Yamai, aka zaɓe ni. Malam, maigidana, ya ce ya yarda amma da sharaɗi ɗaya: yayarsa Hassana za ta raka ni, ƙafarta ƙafata. (Ni da ita muna gaisawa lafiya, amma ba a bar mu mu biyu a madafa.)

Da muka isa bakin kogi, kar ɗinmu, babbar motar da ta kwaso mu, ta tsaya, na ba wata abokiyar tafiya salulata ta ɗauke ni. Hoton ya yi kyau, atamfata sabuwa, gada a baya. Sai dai ga masu sayar da ruwa, ga wani mai akuya, ga Yaya Hassana a gefena ta wage baki tana hamma har ana ganin giɓinta. Can gefenta kuma direbanmu ne da farar riga, jingine da mota.

Bayan mun dawo na samu aplikasiyon da ke share mutum daga hoto. Ka shafa yatsa a kansa, ya ɓace, ta cike gurbin da abin da ke bayansa. Na shafe masu ruwa. Na shafe mai akuya da akuyarsa. Na dubi bakin Yaya, na ce wannan ba zai shiga tarihina ba, na shafe ta. Da na taɓa direba sai rabin motar ya tafi tare da shi, ni kuwa ina so a ga irin motar da na hau, sai na mai da shi. Na danna ajiye, sabon ya hau kan tsohon. Na tura wa dangi a Wasap ina jin kaina.

Ranar sunan jikar ƙanwar Malam a Guci, ina shiga tsakar gida na ga salula tana yawo hannu zuwa hannu. Duk aka juyo gare ni. Gwaggo Delu, ƙanwar surukata, ta miƙo mini ita.

"Ƴar nan, wane ne wannan mai farar rigar?"

Na karɓa na duba, kuma a ranar na fara ganin hoton da idon mutane. Ni ce tsaye ina murmushi, ga namiji ɗaya tilo yana murmushi, tsakaninmu fili fetal, babu kowa a Yamai sai mu biyu da kogi.

Na ce, "Direba ne, Gwaggo. Yaya Hassana na tsakaninmu."

"Ina take?"

"Na goge ta."

"Kin goge ta," in ji Gwaggo, a hankali, yadda na bayan ɗaki ma za su ji.

Na juya wajen Yaya, wadda ke zaune tana gyaran zogale. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ni ai ban je Yamai ba," ta ce. "Ga hoto nan. Ke ce mai boko, duba ki nuna musu ni."

Ni da ake tsoron bakina a kasuwar Dungas, na tsaya ina laluben tsohon hoto wanda na san da hannuna na binne shi. Kafin la'asar magana ta tsallaka zauren maza. Malam bai yi faɗa ba, ya ce dai tafiyar ƙungiya ta gaba a nemi wata. Wannan ya fi mari zafi, don sai da na yi shekaru ina neman kujerar wakilcin nan.

Washegari na ɗauki kwalbar man gyaɗa na tafi gidan Yaya, na durƙusa har ƙasa, abin da rabona da yi tun ina amarya. Ta bar ni a durƙushe ta gama tankaɗe. Sannan ta yafa mayafi ta sa ni gaba har wurin ƙanenta.

"Ina nan a tsakiya," ta ce masa. "Matarka ba ta da laifi sai rashin kunya, shi kuwa da shi ka auro ta."

Ya bar ni na koma tafiya. Har yau ina gyara hoto, ban tuba da wannan ba. Amma kafin in shafe mutum, sai na duba tukuna tsakanina da wa ya tsaya.