Ranar da Na Miƙa wa Malama Tsintsiya

Ni ba mai magana ba ce, amma ina ji da idona. Da na shiga ajinmu a Roni na ga baƙuwa a bencin baya, hijabinta shuɗi irin namu, babu alli a yatsunta, sai na yanke hukunci: sabuwar ɗaliba ce. Na tattaro duk jarumtata, na miƙa mata tsintsiya.

"Ke, a ajin nan baƙo ke shara."

Ta share tas, har ƙarƙashin bencina. Sannan ta tsaya gaban allo ta ce ita ce sabuwar malamar lissafi, ta zauna cikinmu ne don ta san mu.

Har yau in ta shigo, ni take fara rusuna wa: "Ranki ya daɗe, an ba ni izinin koyarwa?"