Yadda Na Kashe Bitrus da Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko ma na so in manta mutanen Kafanchan ba za su bar ni ba, da ranar da na kashe abokina Bitrus da hannuna, sannan na hau mashin na tafi gidansa ina kukan mutuwarsa. Wauta ce tsantsa, kuma tawa ce ni kaɗai, babu wanda ya taya ni. Gara in faɗa da bakina, don masu ba da labarin a kasuwa sun fara ƙara masa gishiri.

Ni mai ɗaukar hoto ne. Shekara talatin da wani abu ina wannan sana'a, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Makaranta kuwa, a aji uku na firamare muka rabu da ita a Madakiya, kuma babu wanda ya yi kewar wani. Ina karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa a hankali, Turanci kuma ina gane shi idan an rubuta da manyan baƙaƙe. Amma a kan hoto ba na jin maganar kowa. Rabin amaren garin nan ni na ce musu su ɗaga haɓa.

Sai zamani ya juya mini baya. Kowa da wayarsa a hannu, kowa ya zama mai hoto. Wanda ya leƙo shagona kuma ba hoto kaɗai yake so ba. "Baba Mai Hoto, kana yin dizain?" Katin biki, kalandar zumuntar mata, fostar taro. In ce a'a, su ce to sai an jima, su tsallaka titi wajen masu kwamfuta ina kallo. Matata ta fara cewa in rufe shagon mu koma gida mu riƙe gonar citta. Na ce mata ba zan bar shagon nan ba sai dai a fitar da ni a akwatin gawa. (Ku riƙe maganar akwatin nan, za ta dawo.)

Wata Asabar na ji ɗaliban zane na wata kwaleji da ke kusa da mu za su baje kolin aikinsu. Na rataya kyamara na tafi, da tunanin iyaye za su so hoto da 'ya'yansu. Awa biyu ina tsaye a bakin ƙofa, ko mutum ɗaya. Wata ma wayarta ta miƙo mini ta ce in taimaka in ɗauke su. Na ɗauke su, na yanke wa mijinta kai a hoton da gangan, na shige cikin zauren neman inuwa.

Abin da na gani a ciki ya tsayar da ni. Akwai zanen fenti, akwai tukwane, akwai gumakan katako, duk na wuce su. Amma a bangon ƙarshe sai ga hoton wata tsohuwa ɗauke da kwandon citta, kuma a cikin ɗankwalinta ana ganin dutsen Kagoro gaba ɗaya, da hazonsa. Na matso, na ja baya, na sake matsowa. Shekara talatin ban taɓa ganin kyamarar da za ta yi wannan ba.

"Wace kyamara ce ta ɗauki wannan?" na tambayi ɗalibar da ke tsaye a wurin.

"Baba, ba kyamara ba ne. Hoto biyu ne na haɗa a kwamfuta." Sai ta ƙura mini ido. "Ba kai ne Baba Mai Hoto ba? Kai ka ɗauki hoton baftisma na. Har yanzu yana falon mama na."

Sunanta Rifkatu, 'yar Fadan Kaje. Ta zagaya da ni, ta nuna mini sauran aikinta. Ɗaya daga ciki ya shiga raina fiye da na tsohuwar ma: wani dattijo cikin farar riga, gajimare a bayansa, haske yana saukowa a kan kafaɗarsa, fararen tantabaru biyu a sama. Akwai 'yar takarda a ƙasa da ƙananan rubutun Turanci. Ban karanta ba. Tabarau na bari a gida don kada in yi kama da tsoho a cikin ɗalibai, kuma girman kai bai bar ni in tambaya ba. Na dai gyaɗa kai kamar alƙali, na ce, "Hasken ya zauna."

Kafin in fita na cire hula na ce mata, "'Yata, ki koya mini."

Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, sai ta daina.

Na sayar da tsohuwar na'urar wanke hotona na sayi laftof na hannu. Wata uku, kowace Asabar da rana, Rifkatu tana zuwa shago. Abin da na sha, Allah kaɗai ya sani. Linzamin kwamfutar nan da suke kira maus, in tura shi gabas ya tafi yamma. Na goge wa wata amarya kunne. Na yi gwaji da hoton matata, na so in rage mata tsufa kaɗan, ta fito kamar an guge ta da dutsen guga, ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Da yake rubutu ba nawa ba ne, sai na sayi littafin 'yan makaranta ina zana kowane maɓalli da abin da yake yi: almakashi, bokiti, 'yar sanda. Maƙwabcina mai gyaran agogo, Malam Sabo, yakan leƙo ya ce, "Ɗalibi, yau an buge ka?" In ce masa ya je ya gyara agogon da ya fi shi shekaru. Ban fasa ba ko sau ɗaya.

Dokoki biyu Rifkatu ta yi ta maimaita mini. Ta farko: "Baba, rage rubutu. Bari hoto ya yi magana." Ta biyu: "Kada ka buga komai sai wani ya gani." Ta farkon na rungume ta hannu biyu, don dama ni da rubutu ba ma shiri. Ta biyun na ajiye ta a gefe, don a ganina ta yara ce.

Ana nan aka tura Rifkatu koyon koyarwa a Gwantu. Sati biyu bayan tafiyarta, sai ga waya daga Kaduna, babban ɗan Bitrus.

Bitrus dattijon ikilisiyarmu ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya girme ni da shekara goma sha wani abu. Shekara arba'in muna tsokanar juna. Shi ya ce hotunana suna ƙara masa baƙi, ni in ce kyamara ba ta ƙarya. Ɗan ya ce babansu ya cika tamanin, za a yi sujadar godiya, suna son fosta, kuma ba sa so tsohon ya sani sai ya gani a bango. "Mun ji ka fara dizain, Baba. Ka yi, ka liƙa kawai."

Aikina na farko kenan. Na san idan ya yi kyau, garin nan zai san Baba Mai Hoto bai ƙare ba, idan kuma ya lalace, gonar citta na jirana.

Na zaɓo hoton Bitrus mafi kyau, cikin farar babbar riga, yana kallon sama kaɗan. Na tuna aikin nan da na gani a kwaleji. Na sa gajimare. Na sauko da haske a kan kafaɗarsa. Rifkatu tantabaru biyu ta sa, ni na sa huɗu, don Bitrus ya cancanta. (Kada ku ce ban taɓa ganin fostar jana'iza ba. Na gani, ɗaruruwa. Amma waɗancan a idona aikin gaggawa ne, nawa kuwa fasaha ce, ko kusa ban haɗa su ba.) Na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Don a san shekarunsa, na sa shekarar haihuwarsa da ta bana, da ɗan layi a tsakani, kowa ya yi lissafi da kansa. A ƙasa na sa sunan majami'a, da rana, da ƙarfe goma na safe. Kalmar godiya ta cika mini wuri, tana taɓa rigarsa, sai na tuna dokar farko. Na rage ta har ta koma kamar tururuwa a can kusurwa.

Na ɗauki waya zan tura wa Rifkatu, sai na ce a'a. Bari ta gani a bango ta san ta haifi gwani.

Mai buga fostar da ya buɗe aikin sai ya rage rediyo, ya riƙa yi mini magana a hankali. Har bakin ƙofa ya rako ni. Na ce a raina, ka ga aiki mai kyau, har ladabi yake koya wa mutane.

Ranar Juma'a da sassafe na ɗaura fostocin da bokitin kwakin liƙa su a mashin. Ƙofar majami'a, bakin kasuwa, tashar mota, Madakiya, har Fadan Kaje inda surukansa suke. Guda hamsin na liƙa, da hannuna. Na dawo shago na zauna ina jiran yabo.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya matata ta kira.

"Ka ji? Baba Bitrus ya huta."

"Wane Bitrus?"

"Naka. Yanzu shugabar zumuntar matan majami'a ta kira ni. Mata duk sun tafi gidan."

Ban tambaye ta inda shugabar ta ji ba. Wallahi ko a raina bai zo ba. Abin da ya zo mini shi ne, kwana tara ya rage a yi masa godiya, kuma ya tafi bai ga fostarsa ba. Na rufe shago, na hau mashin, hawaye suna shiga mini kunne saboda iska.

Na tarar da ƙofar gidan cike da takalma da itacen girki da mata suka kawo. Ban tsaya gaisuwa ba. Na kutsa tsakar gida, na ɗora hannu a ka, na ɗaga murya yadda ake yi:

"Bitrus, yayana, haka za ka yi mini? Ka tafi ba sallama? Wa zan tsokana yanzu?"

Kowa ya juyo yana kallona. Ba irin kallon gidan makoki ba.

"Ina nan, Mai Hoto. Ƙaraso."

Yana zaune a gindin mangwaro, da singileti, kwanon gyaɗa a gefensa, fostata shimfiɗe a kan cinyarsa. Mata kusan ashirin sun kewaye shi, wasu idanunsu ba su bushe ba. Fasto yana tsaye da Littafi a hammata. Matarsa, Mama Saratu, ta riƙe ƙugu.

"Ashe kai ma ka zo gaisuwa," in ji Bitrus. "Na gode. An ce jana'izar ƙarfe goma ne. Za ka samu zuwa?"

Mama Saratu ta ce, "Kai ne ka yi wannan abu? Ƙanwarsa ya faɗi a kasuwa, sai da aka zuba masa ruwa. Ɗan'uwa na yana hanya daga Gwantu da akuya."

Na buɗe baki na ce, "Ai an rubuta godiya."

Fasto ya karɓi fostar, ya sa tabarau, ya juya ta, ya kai ta hanci. "A ina?"

Na nuna masa da farce.

"Wannan na ɗauka ƙuda ne," in ji shi.

Wata ta fara dariya a cikin zaninta, sai ta kama kowa. Ni kaɗai ne a tsaye da hawayen gaske a fuska, ina makokin mutumin da ni na kashe shi, shi kuma yana ɓare gyaɗa yana kallona. Da ƙasa ta buɗe a lokacin, da na shiga ba tare da gajimare ba.

Ranar na bi duk inda na liƙa ina ɓamɓarewa, kuma kwakin nan na dama shi da kyau. A tashar mota wani direba ya riƙe mini hannu ya ce in ji tsoron Allah in bar wa mamaci takardarsa. Da yamma matata ta ce, "To, gona?" Na ce mata tukuna, ai akwatin bai iso ba.

Washegari na kira Rifkatu na faɗa mata komai. Ta daɗe tana dariya. Da ta dawo hayyacinta ta ce, "Baba, wancan da ka gani a bango, samfurin fostar jana'iza ne. An rubuta a ƙasa." Na ce na ji. Na sake zama, na cire gajimare, na kori tantabaru, na sa Bitrus a gaban kore mai haske yana dariya, na rubuta GODIYA da baƙaƙen da makaho zai gani daga tsallaken titi. Kafin in buga na nuna wa Rifkatu ta waya, na nuna wa matata, na nuna wa Fasto, har Malam Sabo na nuna wa. Ranar sujada majami'a ta cika har waje, don rabin mutanen sun zo su tabbatar da idonsu.

Shagon bai rufu ba. Abin mamaki, tun daga lokacin duk wanda aka yi wa rasuwa a unguwarmu wurina yake zuwa, wai babu mai iya gajimare kamar Baba Mai Hoto. Ina karɓa, ina kuma yin katin biki da kalanda. Abin da na koya dai guda ne: tsufa bai hana ni koyo ba, ƙin tambaya ne ya kusa hana ni cin abinci. Yanzu tabarau yana wuyana da igiya, kuma duk wanda ya kawo hoto, kafin in taɓa maus sai na tambaye shi, "Mai hoton nan yana nan da ransa?"

Bayan sujadar da kwana biyu Bitrus ya zo shago da sandarsa. Ya ce in buɗe masa fostar farkon a kwamfuta. Na buɗe ina jin kunya. Ya daɗe yana kallon kansa a cikin gajimare.

"Ka ga wannan karon ba ka ƙara mini baƙi ba," in ji shi. "Kada ka goge. Ajiye shi." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo. "Amma ka koya wa wani inda ka ajiye, Mai Hoto. Yadda na ga kana haki a kan mashin ɗin nan, ban tabbata kai za ka liƙa nawa ba."