Tukunyar Gidan Kazanjiyev

"Lafiya lau, sai hayaƙinka da ya tare ni tun daga tasha," in ji Bilyana, tana sauke jaka.

Kakanta Stoimen ko ɗagowa bai yi ba. Yana tsakar gida yana juya miyar tattasai ta ajiyar hunturu a tsohuwar tukunyar tagulla. Tun da aka sa ranar aurenta ransa yake a jagule, don a jikoki ita kaɗai ta rage mai sunan gidan, ga shi za ta ɗauki na miji.

"Amaryata maciya amana. Kin zo ganin tsohon da kika yasar?"

"Tukunya na zo ɗauka. Kai ko kyauta aka ba ni, a ina zan ajiye ka?"

"Kin san wa ya ƙera ta? Kakan kakana. Tun zamanin Turkawa yake dukan tagulla, har gari ya manta ainihin sunansa, sai dai mai tukwane. Ma'anar Kazanjiyev ke nan."

"Wato abin alfaharinmu shi ne ya kurumta maƙwabta."

"Mun fitar da manya, yarinya. Baffana Dobri ya yi kokawa a Sofiya."

"An ce kafin alƙalin wasa ya sauke usur yana ƙasa."

"Santsi ne. To Goggo Nevena da ta yi waƙa a rediyo fa?"

"Ranar aka ɗauke wuta. Kai ka faɗa min."

Dariya ta taso masa, ya danne ta da tari.

"Je ki zama matar Gochev mai wuyan zalɓe. Tukunya sunan gida take bi, haka muka gada. In na mutu a binne ni da ita."

"Wa zai haƙa wannan ramin?" Ta ƙwace muciyar. "Matsa, kana ƙona gindin. Na riga na gaya wa Gochev sunana ba inda za shi. Gidan abincin da za mu buɗe ma, Kazanjiyev za a rubuta a ƙofa."

Tsoho ya matsa gefe. Daɗi ya cika shi har ya rasa zagin da zai yi. Ya goge ido da hannun riga, wai hayaƙi ne.

"Da manyan baƙaƙe?"

"Har kai sai ka karanta ba tabarau."

Ya bushe da dariya, ya daki gefen tukunyar da tafin hannu.

"Taki ce. Amma ke za ki kankare ta, don mu manyan gidan nan ƙerawa muka gada, ba wanke-wanke ba."